Turakun siminti a gonar gero: kwana uku a Matameye

Motar da ta ɗauko mu daga Damagaram ta bar babbar hanyar Yamai a Takeita, ta yi kudu. Ba mu yi nisa ba hira ta ragu, waɗanda ke gefen taga suka koma kallon waje. Watan Nuwamba ne, an gama girbi, gonaki sun yi fari, sai kara a tsaye da awaki suna kiwo a ciki. Amma in ka ɗaga ido sama, kore ne shar har iyakar gani. Gawo ne a kowace gona, manya da ƙanana. Shi gawo ba ya bin ɗabi'ar sauran itatuwa: da damina yake kaɗe ganye ya bar gero ya sha rana, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi tofo. Ganyen da ya zubar taki ne, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne a lokacin da ciyawa ta ƙare.

Muka wuce Kance, muka iso Matameye kafin azahar. Ba gawo ne ya kawo ni ba. Wani abokina malamin lakwal, wanda ya daɗe yana aiki a wannan yanki, shi ya yi ta ce mini in zo in ga yadda gari ke cin gona, in kuma ji abin da masu gonar ke faɗi. Ya ce kada in sa ran ganin zanga-zanga da kwalaye masu rubutu. Ƙin mutanen karkara ba shi da amo, amma yana da tsawon rai.

Da la'asar muka hau kabu-kabu muka fita bayan gari. Inda gidajen ƙarshe suka tsaya na fara ganinsu: gajerun turakun siminti, waɗanda ake kira borni, an kafa su layi-layi a cikin kara, wasu da lamba a jikinsu da jan fenti. Wanda bai sani ba zai wuce su. Wanda ya sani kuwa titi yake gani, da kwana, da fili mai lamba kaza, a wurin da watanni biyu baya gero ya fi mutum tsawo. Wannan shi ne loti, wato yanka gona a mayar da ita filayen gini.

A nan muka tarar da wani dattijo yana ɗaure kara.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannunku dai. Daga ina, ɗana?"

Da ya ji abin da ke tafe da ni sai ya ajiye igiya, ya ja mu inuwar gawo. Bai fara da maganar kuɗi ba. Ƙasa ya dunƙula a hannu ya miƙo mini, ya ce in duba launinta. Ta yi duhu, tana da laushi, ba irin farin rairayin da muka ratsa a hanya ba. Ya ce wannan ba haka Allah ya ajiye ta ba, yin ta aka yi. Tun zamanin mahaifinsa ake kwaso tokar gida da shara da kashin awaki a zuba, da can a kan jaki, yanzu a amalanke, kowace shekara ba fashi. Gonar da ke bakin gari ita ce ta fi samun taki, domin ita ce kusa da turken dabbobi. Ita ce kuma gari ke fara haɗiyewa idan ya tashi faɗaɗa. Ya ce in an ba shi wata gonar can cikin jigawa, ko ta fi wannan girma, ba zai ga ranar da za ta yi irin wannan duhun ba.

Na daɗe da sanin cewa garuruwanmu na girma, amma sai a inuwar nan na gane wace irin ƙasa suke ci. Ba saura suke ci ba, ba fako ba. Gumin kaka da jika suke ci.

Lissafin mutane shi ne tushen matsin. A ƙidayar 2012 jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, da mutum fiye da miliyan 3 da rabi. Gundumar Kance, wadda Matameye ce hedikwatarta, tana da kusan mutum 400,000 a ƙananan hukumomi 9, a faɗin ƙasar da bai kai murabba'in kilomita 2,500 ba. Fiye da mutum 160 ke nan a kowane murabba'in kilomita, kuma kusan dukkansu da fartanya suke ci. Ƙidayar ta nuna jama'ar ƙasar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara, wanda ke nufin ninki biyu kafin shekara 20. Gona kuwa ba ta haihuwa. Kowane rabon gado sai ta ƙara tsukewa, har ka ga abin da uba ya noma shi kaɗai ya koma kunya-kunya tsakanin ƴaƴa da jikoki.

Abin da ya sa wannan yanki ya yi suna a duniya ma daga matsin ya fito. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye itatuwa, manoman Magarya da Matameye da Mirya suka koma barin tsiron gawo a gonakinsu, suna gyara shi suna tsaronsa, abin da ake kira sassabin zamani. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi a 2006 ya nuna gonaki wajen eka miliyan ɗaya ne suka farfaɗo ta haka a yankunan uku. Ba gwamnati ce ta dasa ba. Manomin da ba shi da sauran ƙasar da zai bari ta huta, shi ya nemi itacen da zai ciyar da ita tana cikin aiki. A Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, cewa ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Dokar gandun daji ma ta sa shi cikin itatuwan da ba a sarewa sai da izini. Duk da haka, idan layin titi ya faɗo a kansa, ba a karkatar da titi.

Da dare, a kan tabarma a ƙofar gidan abokina, wani da ya taɓa aikin awon filaye ya zana mini yadda abin ke tafiya. Eka ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In an cire tituna da wurin lakwal da masallaci da kasuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Abin da ya rage, in ana yankan mita 400, fili 16 ne ko 17. Mai gona ba kuɗi ake yawan ba shi ba, filaye ake ware masa daga cikin gonarsa. A Yamai rabon da aka fi sani shi ne ɗaya cikin huɗu. Wato wanda ya kwana da eka guda ya wayi gari da fili huɗu. A takarda ba a cuce shi ba, domin kuɗin filin gini ɗaya na iya fin na gonar duka. Amma fili huɗu ba sa cika rumbu. Sai ya sayar da ɗaya ya aurar da ɗiya, ɗaya ya sayi babur ga yaro, ɗaya ya tafi a asibiti da hatsin bazara. Bayan ƴan shekaru ka same shi yana ƙwadago a gonar wani, yana awon gero tiya-tiya a kasuwa. Shi ya sa dattawa ke cewa kuɗin gona ba su da albarka. Ba camfi ba ne, abin da suka gani ne.

Doka ba ta bar manomi haka nan ba. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince cewa mallakar gona ta gado da al'ada daidai take da mallakar takarda. Ta kuma kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo, da a yau suke daga ƙauye zuwa ƙaramar hukuma zuwa gunduma, waɗanda ke rubuta shaidar gado da saye da kyauta da aro da jingina. Mirya, maƙwabciyar nan, tana cikin wuraren da aka fara gwada su a 1994. Akwai kuma dokar 1961, wadda aka gyara a 2008, da ta ce ba a karɓe ƙasar mutum don amfanin jama'a sai an biya shi diyya mai adalci tun kafin a karɓa. Amma akwai wani abu da ke ja ta ɗaya gefen. Tun da aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a 2004, an ɗora musu nauyin lakwal da rijiya da kasuwa, harajin da suke tarawa kuwa ba ya kai ko'ina. A faɗin ƙasar, sayar da filaye ya zama hanyar samun kuɗi mafi sauri. Ita kanta gwamnati, a farkon shekarun 2000, da filaye ta biya ma'aikata bashin albashinsu. A Afrilun 2024 kuma aka rushe zaɓaɓɓun majalisun aka naɗa masu riƙo, don haka manomin da a da yake zuwa ƙofar ɗan majalisar ƙauyensu da kukansa, yanzu sai mai gari da sarki da Kofo.

Washegari muka shiga wani ƙauye da gari ya kusa cim masa. A nan na ga irin ƙin da abokina ke faɗi. Ba wanda ya ɗaga murya. An dai nuna mini gonar da aka yi wa awo shekarun baya, kuma kowace bazara masu ita sai su yi binne a kan layin titi da na fili duka, kamar ba a taɓa kafa komai ba. An nuna mini ramukan da borni ke ciki a da, ba wanda ya ce ga wanda ya tuge su. Wani magidanci ya ce su ƴan'uwa bakwai ne a kan gonar da ba a raba gadonta ba, kuma da gangan suka ƙi rabawa, domin muddin tana dunƙule ba mai iya sa hannu shi kaɗai. Ɗayansu yana Kano, ɗaya yana Libiya, duk mai son magana sai ya jira su. Ya ce sun je gaban mai gari, sun je fada, kuma abin da suke maimaitawa ɗaya ne: a zauna da su tukuna. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne mutum ya fito da safe ya tarar da baƙi da igiyar awo a gonar ubansa, ba sallama.

Ba kullum daga waje ɓarakar ke zuwa ba, wannan ma sun faɗa da bakinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dillalin filaye ya san ɗan'uwan da bashi ya kama, ya san wanda ke son kuɗin mota zuwa ci-rani, kuma ta wurinsa yake shiga gida.

Matan ƙauyen ba su zo inda maza ke zaune ba, sai matar abokina ta kai ni wurin wata dattijuwa da ke ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na gaishe ta da "Inna, ina wuni", ta amsa tana ci gaba da aikinta. Ita ba ta da gona, gamana gare ta, ɗan yankin da mijinta ya ba ta a gefen gandu, inda take shuka gyaɗa da kuɓewa da yakuwa. Daga nan take samun na sabulu da na biki da na maganin jikoki. Ta ce ranar da za a raba filaye sunan mai gida za a rubuta, ba wanda zai tambayi gamanar wa ke cikin gonar. Haka wanda ke noma da aro, haka wanda ya karɓi jingina, haka makiyayin da burtalinsa ya bi ta gefe. Masu bincike Marthe Diarra da Marie Monimart sun rubuta tun 2004 yadda ƙarancin ƙasa a kudancin Maraɗi ke fitar da mata daga noma, a hana su gamana a ce kulle ne. Abin da suka gani can shi nake ji a tsakar gidan nan.

Ba zan iya jin wannan magana a ƙasar Kance ban tuna Oktoban 2013 ba. A watan ne aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne, mata 33. Yawancinsu daga wannan yanki suka fito, suna kan hanyar zuwa bara a biranen Aljeriya. Ba loti ne ya kore su daga gida ba, kuma rashin adalci ne a ce haka. Amma rumbun da ke ƙarewa tun kafin bazara yana cikin abin da ya kore su, kuma duk ekar da aka cire daga noma a wurin da ƙasa ta riga ta yi kaɗan, daga kwanon irin waɗannan mata ake cire ta.

A hanyar komawa gari mai kabu-kabun da ya ɗauke ni, saurayi ne da bai kai talatin ba, ya kasa haƙuri. Ya ce, Malam, tun jiya kake sauraron tsofaffi, mu fa? A gidansu aure huɗu ne a tsakar gida ɗaya, an yanka zaure an yi ɗaki, an rushe rumbu an yi ɗaki. Shi an sa masa rana sau biyu ana ɗagawa don ba inda zai ajiye amarya. Ya tuna mini daminar 2024, wadda ta rusa dubban gidajen ƙasa a Nijar, har tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya faɗi a farkon Satumba. Ya ce wanda ya kwana yana tare ruwa da kwano ba zai ga laifin fili mai titi da magudana ba. Ya kuma ce gonar da ake kuka a kanta, in an raba ta tsakaninsu, rabonsa ba zai ciyar da shi wata biyu ba, amma fili ɗaya zai ba shi gida har abada.

Gaskiya ya faɗa, kuma ban ga amfanin ɓoye ta ba. Mai neman gida ba baƙo ba ne, jikan mai gonar ne. Sai dai na roƙe shi ya zaga da ni cikin lotin da aka yanka tun shekarun baya, muka bi layi-layi. Gida nan, gida can, tsakaninsu filaye a kwance, wasu an zagaye su da bulo layi biyu an tafi, wasu tumfafiya ce kawai da ledoji. Na tambaye shi na su wa ne. Ya ce na ƴan kasuwa ne da ma'aikata, wasu suna Damagaram, wasu Yamai, sun saya sun ajiye sai ya yi tsada. Na ce shi fa, nawa ya tara? Ya yi shiru, sannan ya ce duk shekarar da ya kusa kai wa, sai kuɗin ya ƙara gaba.

Wannan ne ya tsaya mini a rai fiye da komai a tafiyar. An hana ƙasar ba da gero, ba ta kuma ba saurayin ɗaki ba. Tsoho ya rasa, yaro bai samu ba, fili ya zama asusun wanda ba ya garin. Mun ga ƙarshen irin wannan hanya a wasu wurare. Dajin da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye Yamai, mai kusan eka 2,500, yankan filaye ya yi masa gunduwa-gunduwa. A Kano kuma, inda manoma suka riga hukuma suka yanka gonakinsu da kansu, an samu unguwannin awon igiya, lungu ba ya ɗaukar mota, ruwa ba shi da mafita. Matameye ba ta kai can ba. Garin da bai cika mutum 30,000 ba a 2012 yana da sauran damar zaɓar gefen da zai miƙe.

Ni a ganina masu cewa ba su yarda ba suna da hujja, kuma hujjarsu ba ƙin ci gaba ba ce. Ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Akwai fako da tudun da ba ya ba da komai, akwai gonar da aka shekara hamsin ana ciyarwa, kuma dattawan kowane ƙauye sun san bambancin fiye da kowace taswira. A tambaye su kafin a kafa turke, a bainar jama'a, mata na ji, masu aro na ji. Kada a yanka sabon loti alhali na baya bai cika ba. Wanda ya sayi fili ya bar shi shekara da shekaru, a bar tsohon mai gonar ya ci gaba da shuka a ciki har ranar da za a kawo bulo. Gawo kuma ba ya hana gini. Gidan da aka bar shi a tsakarsa ya samu inuwa a watannin zafi, lokacin da ake neman ta.

A rana ta uku na leƙa fadamar Dungu, inda ruwan Korama ke kusa da sama. Rake ake sara, ana loda wa amalanke da motoci, ga garake na rogo da albasa da kabeji. Wani mai garka ya ce mini nan ba mai maganar loti, domin kowa ya san abin da taku ɗaya na ƙasar ke kawowa a shekara. Gonar gero ce ba ta da mai faɗa mata, don amfaninta ba ya zuwa kasuwa a mota, a cikin tukunya yake ƙarewa. Matameye ta taɓa zama cibiyar gyaɗa har da masana'antar matse mai, fari da cuta suka kashe cinikin a shekarun 1970. Abin da ya riƙe mutane bayan gyaɗa ta tafi, geron nan ne.

Kafin in nufi tasha na koma in yi wa dattijon nan sallama. Ban same shi a inuwar gawo ba, yana can tsakiyar gona tare da jikansa da amalanken shanu. Taki suke saukewa, tsibi-tsibi, tazara daidai, kamar yadda ake yi kowace shekara. Tsibi ɗaya ya faɗa daidai gindin wani borni har ya rufe lambar. Na ce, Baba, ko an fasa ne? Ya ce ba a fasa ba, ba a kuma zo ba, shi dai damina ba za ta same shi da gona ba taki ba. Ya sa yaron ya ciro mini ƴaƴan gawo cike da hula, ya ce in kai wa tumakin gida. Ina cikin mota muna hawa zuwa Takeita, ƙamshinsu na tashi daga jakata.